Tada Yanmar 1GM10 da hannu: yana tashi, amma sai da mutum biyu

Wanda ya saba ganin masu injin niƙa a Nima ko Sabon Zongo a Accra suna murɗa injin Lister da asuba zai ɗauka wannan ɗan injin dizal na jirgin ruwa wasa ne. Fistin ɗaya gare shi, 318cc, ƙarfin doki 9, ana sa shi a ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai don shiga da fita tashar Tema idan iska ta kwanta. To, ba wasa ba ne. Lister na da ƙatuwar filawil mai tara gudu. Ta Yanmar ƙarama ce, ga matsi mai tsanani a silinda, sai ƙarfin damtse ya cike giɓin.

Kafin a taɓa hannun murɗawa, giya ta kasance a firi, a buɗe famfon ruwan teku mai sanyaya inji da na dizal, a tura maɓallin kashe inji ciki, totur ya wuce rabi kaɗan. A kunna makulli ko da batir ya yi sanyi, domin ƙararrawar baƙin mai da caji su yi aiki. Sai a ɗaga libar sakin matsi da ke saman inji, a juya a hankali kamar sau goma, mai ya zagaya. A nan a kasa kunne: akwai ɗan kukan "ƙiƙ" da nozul ke yi duk sanda ya fesa dizal. In babu shi, iska ce a layin mai, kuma ko za a wuni ana murɗawa gumi kawai za a samu. A sassauta sukurun saman filta, a danna ɗan famfon hannu har kumfa ta ƙare, a ɗaure.

Daga nan a ƙara gudu iya ƙarfi, mutum na biyu ya saki libar, mai murɗawa kuma kada ya tsaya. Nan ne yawanci ake faɗuwa: da an ji tauri sai hannu ya saki, fistin ya dawo da baya. Babban yatsa ya zauna gefe ɗaya da sauran yatsu, in ba haka ba bugun baya ya targaɗe shi. Mutum ɗaya na iya yi da igiya ɗaure a libar, amma a ƙuntataccen ɗakin inji, jirgi na tangaɗi da igiyar ruwa, abin ba daɗi.

Da ya kama, a cire hannun, a leƙa salansa a ga ruwa na fita. In kuwa ya ƙi tashi bayan gwaji da yawa, a rufe famfon ruwan teku kafin a ci gaba, don ruwan na taruwa a salansa har ya koma silinda.

Abin yabo shi ne injin bai dogara da lantarki wajen aiki ba, kuma zafin Accra na taimaka masa. Libar ma tana ceton batir mai rauni: a ɗaga ta, a buga kik, inji ya yi gudu, a saki. Abin lura kuma gishiri ne. Haƙoran hannun murɗawa na cin tsatsa su maƙale, sai da giris, haka bututun baƙin mai da ke ƙarƙashin famfo mai tura ruwa na cin tsatsa in famfon na ɗiga. Roban famfon nan da filta, a ajiye na canji a jirgi, ba kayan da ake tsinta a kowane shago a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra, ba ne.