In Wuri Ya Ƙi Magana: A Sake Zubawa Ko A Yi Istihara?

Mai duba da farin wuri, wato ƙananan ɓawon katantanwar nan da aka yi kuɗi da su a da, takan zuba su, faɗuwarsu take karantawa: wasu baki sama, wasu a kife, wasu sun hau juna. Wani lokaci sukan watse ba kan gado, ta ce sun ƙi magana.

Mafi yawa sai su ce a sake zubawa, domin wanda ya zo da damuwar aure ko ɓatan kaya ba ya son tashi hannu rabbana. Amma kowace zubawa sabuwar faɗuwa ce, mai tambaya kuwa yakan tsaya ne daidai inda ya ji abin da ransa ke so. Ga kuɗin da ake ƙarawa, ga zargin kishiya ko maƙwabci da ke biyo baya, abin da ya sha raba zumunci.

Ɗaya hanyar, a tattara wurin, a yi istihara, raka'a 2 da addu'a, sannan a nemi shawarar manya. Ita na fi yarda da ita. Malaman Sakkwato, magada Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya yi hani ga duba, suna kawo hadisin Muslim: wanda ya tambayi mai duba, ba a karɓar sallarsa dare 40.