Victron Orion-Tr Smart 12/12-30: caja mai aiki, amma ba ta shiri da zafi

Masu mota mai ɗakin kwana sun san wannan matsalar: a yini ana tafiya, da dare a kunna firij da fitilu, kafin asuba batirin ɗaki ya mutu. A motocin zamani irin su Sprinter da Transit laifin yawanci na altaneta ne, wato na'urar da ke cajin batir idan inji yana aiki. Kwamfutar motar tana sauke ƙarfin wuta zuwa wajen 12.5V don rage shan mai, kuma wannan ba ya cika batir. Tsohon rilai mai haɗa batura biyu ba ya gyara hakan.

Wannan cajar ta kamfanin Victron na ƙasar Holan tana shiga tsakanin batirin inji da na ɗaki. Tana karɓar wutar yadda ta zo, ta ɗaga ta zuwa 14.2V da batirin litiyam yake so, ta tsaida wutar da take ba shi a 30A. Tsaidawar tana da muhimmanci, domin litiyam idan an bar shi zai iya zuƙar wuta har altaneta ya ƙone. Ana saita komai a wayar hannu ta Bluetooth da manhajar VictronConnect, kuma manhajar tana faɗin dalilin da ya sa caji ya tsaya. Wannan kaɗai ya isa a yaba mata.

Aibinta zafi ne. Kusan kashi 87 cikin ɗari na wutar da ta sha take fitarwa, sauran ya zama zafi a jikinta. Da iskar wurin ta wuce digiri 40 sai ta fara rage caji da kanta. Wanda ya kulle ta a ƙarƙashin kujera ba iska zai ga 30A ta ragu ana cikin tafiya, balle a lokacin bazara. A kafa ta a tsaye, a bar tazara sama da ƙasa, a ƙara mata ƙaramar fanka.

Idan tana kamawa tana saki, a duba waya kafin a zargi cajar. Tana jan abin da ya kusa 40A daga batirin inji. Siririyar waya ko doguwa tana zubar da ƙarfin wuta a hanya, sai cajar ta zaci an kashe inji ta tsaya. Tazarar mita 5 tana son waya mai kaurin 16mm², da fiyus 60A dab da kowane batir. A auna wutar a kan batir, a sake aunawa a bakin cajar tana cikin aiki. Bambanci ya kai rabin V, to waya ce ko sako-sakon ɗauri. Idan kuwa ta ƙi tashi sam, a tabbata 'yar wayar da ke haɗa ramukan kunnawa masu alamar L da H a jikin cajar tana wurinta.

Tsada gare ta. Mai batirin 200Ah zuwa sama gara ya nemi ƙanwarta Orion XS mai 50A, wadda ba ta ɗaukar zafi haka.