Sharhi kan wani gandun renon bishiyoyi da ke gyaran fako a wajen Katsina

Gandun yana wajen birnin Katsina, kuma bayan sayar da dashe a leda, masu shi suna karɓar kwangilar gyaran fako. Wannan aikin ne ya kai ni wurinsu, domin filinmu na gado ya ƙeƙashe har ruwan sama ba ya ratsa ƙasarsa, sai ya kwarare zuwa kwazazzabo, ita kuwa rijiyar da ke ƙasan gangaren takan kusa ƙafewa da bazara.

A wajen haƙa sun cancanci yabo. Sun tsara ramukan rabin wata a jere a gicciye da gangaren, bakin kowane yana fuskantar saman gangaren, layi na biyu kuma yana tare giɓin na farko, ta yadda ruwan da ya tsere wa rami ɗaya zai faɗa a wani. Da damina ta sauka ruwa ya riƙa kwanciya a ramukan yana tsotsewa a hankali, ciyawa ta fito a wurin da ya daɗe tsirara. Dashensu ma lafiyayye ne, saiwarsa ba ta nannaɗe a cikin leda ba.

Inda na saɓa da su shi ne zaɓin iri. Sun dage sai na cika filin da itacen turare saboda saurin girmansa da kasuwar azara, ba tare da sun faɗa mini cewa itace ne mai yawan shan ruwa rani da damina ba, abin da ya kamata duk mai rijiya a kusa ya sani kafin ya biya kuɗi. Kuma tun da bisa adadin dashe suke lissafin ladansu, sun fi son a dasa a cunkushe. Binciken da aka wallafa a 2016 daga Saponé ta Burkina Faso, inda kaɗanya ta fi yawa, ya nuna cewa ruwa ya fi sauka cikin ƙasa idan bishiyoyi suna da matsakaicin yawa: filin da babu itace ruwansa gudu yake yi, wanda ya cunkushe kuma itatuwan ne ke shanye shi.

Na nemi gawo da aduwa da dakwara a warwatse, sai na tarar gawonsu kaɗan ne, alhali shi ne yake zubar da ganye da damina, ba ya takurar amfanin gona. Haka nan sai da na hana ma'aikatansu tumɓuke kututturan da ke tofo, waɗanda da irinsu ne manoman Maraɗi da Damagaram suka farfaɗo da miliyoyin hekta ta hanyar sassaben zamani, wato barin kututture ya tofo a gona ana kula da shi har ya zama bishiya, tun daga shekarun 1980.

Farashinsu daidai yake da na kasuwa, amma shingen kare dashe daga awaki ba ya cikin kwangilar, don haka a tambayi kuɗinsa tun kafin a fara haƙa.