Sharhina a kan f-puzzles da SudokuPad, ga masu son haɗa nasu sudoku

Jama'a abubuwa biyu nake amfani da su tun bara, f-puzzles wajen haɗa sudoku, SudokuPad kuma wajen warwarewa, kuma tunda 'yan bes ɗinmu na Aboabo sun dame ni da tambayar me nake yi a laftof kullum bayan Isha'i har ataya ta huce, bari in rubuta abin da na gani sau ɗaya kowa ya karanta. Duka biyun a burauza ake buɗe su, ba sai ka biya ko sidi ɗaya ba, data kawai za ka saya, kuma ba sa cin data kamar bidiyo.

Sudokun da kowa ya sani shi ne na bayan jarida, gida 81, ka sa 1 zuwa 9 kar lamba ta maimaitu a layin kwance ko na tsaye ko cikin ƙaramin akwati. A Amurka ya fara fitowa a 1979, kamfanin Nikoli na Japan ya ba shi suna, jaridar The Times ta Landan ta fara bugawa a 2004 daga nan ya bazu. Wannan na asalin in lambobin da aka ba ka tun farko ba su kai 17 ba to ba zai taɓa samun amsa guda ɗaya tal ba, Gary McGuire da abokan aikinsa a Dublin sun tabbatar da haka da kwamfuta a 2012. Toh amma da zarar ka ƙara doka a kai lissafin ya canza gaba ɗaya. Abin da ya jawo ni kenan, bidiyon tashar YouTube ta Cracking the Cryptic na 2020 inda Simon Anthony ya warware wanda Mitchell Lee ya haɗa, lamba biyu kacal aka bayar, 1 da 2, sauran duka fili fetal, amma doka uku ce ta riƙe shi: lamba iri ɗaya ba ta zama a tazarar tsallen dokin ces (gida biyu gaba, ɗaya gefe), ba ta zama a tazarar takun sarki (gidan da ke maƙwabtaka ta kowane ɓangare har kusurwa), kuma gidajen da suka haɗa gefe ba sa ɗaukar lambobi masu bin juna kamar 4 da 5. Wallahi da na ga gidajen suna cika ɗaya bayan ɗaya ba tare da canki-canka ba sai na ce ni ma sai na koyi yanda ake gina irin wannan.

SudokuPad na Sven Neumann ne, kuma wajen warwarewa ban ga abin da zan ce a ƙara ba. Kana iya rubuta ƙananan lambobi a kusurwar gida ko a tsakiya, kana iya shafa kala, kana iya komawa baya taku-taku, ga agogo yana lissafa maka lokaci. Kalar nan da farko za ka ɗauka ado ne, alhali ita ce rabin aikin, don akwai lokacin da ba ka san lambar ba amma ka san wannan gidan da wancan abu ɗaya ne, ko ka san wannan ƙarama ce wancan babba, sai ka shafa musu kala ka ci gaba. A waya yana tafiya lafiya, sai dai in fuskar wayarka ƙarama ce irin tawa yatsa kan taɓa gidan maƙwabci, shi ya sa masu layuka da yawa nake bari sai na zauna gaban laftof.

Inda zan daɗe shi ne f-puzzles, na Eric Fox. Za ka buɗe ka tarar da fili babu komai, a gefe ga kayan aiki: keji na sudokun da ake kira Killer, wato 'yan gidaje da aka kewaye, wanda ake rubuta jimillar gidajensa a kusurwa, tamomita wadda lambobi ke hawa daga kan kwalbar zuwa ƙarshe, kibiya wadda jimillar jikinta take daidai da abin da ke cikin da'ira, farin ɗigo na lambobi masu bin juna, baƙin ɗigo na lamba da ninkinta, da dokar doki da ta sarki. Ka ja da linzami shikenan ya zauna. Sannan akwai maɓallin da zai duba maka ko abin da ka zana yana da amsa ɗaya, ko fiye da ɗaya, ko ma babu amsa sam. Misali ka sa keji mai gida biyu jimilla 3 da wani mai gida biyu jimilla 4 a layi ɗaya, nan take zai nuna ba ya yiwuwa, don 3 sai 1 da 2, 4 kuma sai 1 da 3, kowanne yana neman 1. Wannan binciken in da hannu ne sai ka kwana a kai. In filin bai da komai sosai binciken kan ɗau lokaci, dole ne, hanyoyin cika fili na asali kaɗai lamba ce mai gurbi 22.

Amma fa ga abin da nake so duk mai shirin farawa ya ji da kyau, na'ura za ta ce maka amsa ɗaya ce, ba za ta ce maka ko mutum zai iya kaiwa ga amsar da tunaninsa ba. Kana iya watsa keji da ɗigo ko'ina har ta ce ya yi, ka tura wa mutane, su zauna awa guda babu ƙofar shiga sai dai su gwada lamba su goge. Wannan kamar tela ne ya ɗinka riga mai kyau ya manta wuya. Ni yanzu daga ƙofar nake farawa, in zaɓi dabara ɗaya da nake so mai warwarewa ya gano da kansa, in gina ta, sannan in zama ni ne mai warwarewa, duk inda na tsaya in ƙara alama ɗaya daidai wadda za ta buɗe taku na gaba, ba ƙari.

Bari in ba ku wadda na fi so. Akwai koren layi da ake kira German Whispers, dokarsa gidaje biyu da ke jere a kan layin dole bambancinsu ya kai 5 ko fiye. Kun ga 5 ba ta da wurin zama a kansa kenan, don sai da 0 ko 10. Sauran kuma dole su riƙa karɓa-karɓa, ƙarama (1 zuwa 4) babba (6 zuwa 9) ƙarama babba. Sai na ja layin ya zagaye gida takwas cikin akwati ɗaya, gidan da ya rage 5 ne ba musu. Yanzu 4 ba ta da maƙwabci sai 9, kuma 9 ɗaya ce a akwatin, don haka 4 dole ta zauna a bakin layi, haka 6 ba ta da kowa sai 1, ita ma ɗaya bakin. 3 sai da 8 ko 9, 7 sai da 1 ko 2. In ka bi a hankali jeri ɗaya ne kawai ke fita, 4 9 3 8 2 7 1 6, akwati ya cika ba a ba ka ko lamba ɗaya ba, abin da ya rage ta wane baki aka fara. In ka sa farin ɗigo tsakanin bakin layin da gidan 5 bai raba gardama ba don 4 da 6 duk suna bin 5, amma ƙaramin keji mai jimilla 9 a kan gidajen biyu ya gama magana. Da na ba ƙanwata wannan, tana aji biyu a sakandare, ta yi shiru can sai ta ce “Yaya, ai huɗu ba ta da inda za ta je sai ƙarshe”, daɗin da na ji a lokacin ya fi na warware na wasu nesa ba kusa ba.

Wani abin da ya burge ni, kai ne ke rubuta dokokin a wurin da aka tanada, don haka da Hausa nake rubuta nawa. Yawancin waɗanda ake samu a intanet dokokinsu da Turanci ne, kuma Turancin doka kalma ɗaya in ta kuɓuce maka ka ɓata gaba ɗaya. Kawuna da ke sayar da yadi a Kejetia, gwanin dame ne na gaske, lissafin kai kuwa ba a magana, amma Turancin ne ya hana shi taɓawa. Da na buga masa Killer a takarda da bayanin Hausa, na faɗa masa abu ɗaya kawai, kowane layi da kowane akwati jimillarsa 45 ce, sai ya ce “kai yaro, wannan ai lissafin kasuwa ne”, ya ɗau biro ya fara tara keji yana cirewa daga 45 yana samo gidan da ya leƙo waje. Shi takarda ya fi so, kuma ranar da aka ɗauke wuta mu ma duk takardar muke komawa.

In ka gama, adireshin da f-puzzles zai ba ka dogo ne sosai don duk zanen a cikinsa yake, ka ajiye shi wani wuri, kuma SudokuPad na buɗe abin da aka haɗa a f-puzzles, sai ka tura a WhatsApp kowa ya yi a wayarsa. Shawarata ga sabon shiga ya fara da doka ɗaya, keji ko tamomita, ya warware na mutane da yawa kafin ya zana nasa, kuma kar ya saki komai sai wani da bai san amsar ba ya gwada a gabansa yana kallon inda yake tsayawa.

Yanzu wanda nake kai shi ne na Sandwich, inda lambar da ke bakin layi take nuna jimillar abin da ke tsakanin 1 da 9, in ka ga 35 ka san suna baki da baki, in ka ga 0 suna manne da juna. Ina so in haɗa shi da dokar doki, ƙofar shiga ta samu amma tsakiyar bai kwanta ba tukuna, ina neman mutum biyu ko uku masu haƙuri nan Asawase ko Aboabo da za su gwada min shi ranar Asabar bayan La'asar.