Sashen Hausa na Rediyon Ƙasar Sin: abin da yake bayarwa da abin da yake ɓoyewa

Tun shekarar 1963 gidan rediyon ƙasar Sin, wato CRI, yake watsa shirye-shirye da Hausa daga birnin Beijing, kuma a 2018 aka haɗe shi da gidan talabijin na CCTV da rediyon cikin gida na ƙasar a ƙarƙashin babban rukuni guda da sashen yaɗa manufofi na jam'iyyar Kwaminis ke kula da shi. Na jima ina sauraronsu, ina kuma karanta shafinsu na intanet.

Hausarsu tsaftatacciya ce, ko da yake wani lokaci jimlolin kan yi tsawo har mai karatu ya ƙosa, musamman idan ana kawo jawabin shugaba Xi Jinping. Shirye-shiryensu kan al'adu, noma da koyon Sinanci suna da amfani ƙwarai, haka nan bayanansu kan layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da kamfanin Sin ya gina.

Inda suka gaza shi ne labaran siyasa. Batun Musulmin Uygur na jihar Xinjiang, alal misali, ba a kawo shi sai ta bakin gwamnati, kuma ban taɓa jin an ba masu suka dama su yi magana ba.