Jirgin ƙasan Tema zuwa Akra: akwai arha, amma ranar da ya lalace babu mai ce maka uffan

Duk wanda yake kwana a Tema yana neman abinci a tsakiyar Akra ya san cewa wahalar yini tun a hanya take farawa, domin babbar hanyar motar da aka buɗe a 1965 ta daɗe da yi wa jama'a kaɗan, ta bakin teku kuma da an kai Nungua da Teshie sai cunkoso ya tsayar da kowa. Wannan ne ya sa na koma shiga jirgin ƙasa, tunda shagon da nake sayar da yadi bai da nisa da tashar Kantamanto. A gaskiya da farko na ji daɗinsa ƙwarai. Kuɗinsa bai kai na ƙaramar bas ɗin haya da muke kira trotro ba, babu ja-in-ja da yaron mota a kan canji, kuma idan jirgin ya bi gefen teku ta Sakumono da sassafe, iskar da ke shigowa ta taga kaɗai ta isa ta sa mutum ya yafe wa kujerun taurinsu. Har abokan kasuwa na riƙa zugawa su bar mota su biyo ni.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi ya faru ne wata safiyar Litinin, bayan mun wuce Baatsona. Jirgin ya fara jan jiki, injin ya yi wata ƙara da ban saba ji ba, sai kuma ya mutu a wurin da babu tasha, babu inuwa, sai ciyawa da bayan katangun gidaje. Da farko babu wanda ya damu, domin layi ɗaya ne kuma tsayawa a hanya ba sabon abu ba ne. Amma da rana ta fara ɗagawa, taragon da ke maƙil da ma'aikata da 'yan makaranta da mata masu kaya ya ɗauki zafi, yara suka fara kuka, wani magidanci da ke tsaye kusa da ni yana ta kiran maigidansa a waya yana rantsuwa cewa ba ƙarya yake yi ba. Mun fi awa guda a haka, kuma a duk tsawon lokacin nan babu ma'aikaci ko ɗaya da ya zo ya ce mana ga abin da ya lalace, ko ku yi haƙuri gyara ake yi, ko ku sauka ku nemi mota. Na san ƙarfe yana gajiya, motar kowa tana mutuwa a hanya, ban riƙe su da wannan ba. Shirun ne ya ɓata mini rai, domin wanda ya karɓi kuɗinka ya ɗauke ka, ko ba komai yana da nauyin ya gaya maka halin da kake ciki.

Da haƙuri ya ƙare, samari suka fara dirowa, sauran jama'a suka bi su. Wanda bai taɓa sauka daga tarago inda babu dakalin tasha ba, ba zai gane nisan da ke tsakanin matakalar ƙarshe da ƙasa ba, ga tsakuwa mai zamewa a ƙarƙashi. Wata dattijuwa daga Ashaiman da ke riƙe da kwandon goro ta tsaya a bakin ƙofa ƙafarta tana rawa, ta dube ni ta ce, "Ɗana, don Allah karɓi kwandon nan tukuna, in na faɗi kada goron mutane ya bi ni." Na ce, "Hajiya, miƙo, amma kada ki motsa sai an riƙe ki." A nan ne mai duba tikiti, wani saurayi da ke jin Hausar zango, ya zo da gudu ya durƙusa ya kafa mata gwiwarsa ta taka ta sauko, sa'an nan ya yi wa sauran tsofaffi haka har wandonsa ya yi baƙi ƙirin. Shi ne ya faɗa mana cikin raɗa cewa su ma jira suke a aiko da makanikai. Allah ya saka masa da alheri, kuma saboda shi kaɗai na so in sassauta wannan rubutu.

Sai dai tafiyar ƙafa da muka yi a kan layin dogo kafin mu fita titin Spintex ta hana ni sassautawa, domin na ga abin da mai zama cikin tarago ba ya gani. Wasu daga cikin katakan da ke ƙarƙashin dogo sun dare, wasu kusoshin da ke riƙe ƙarfen babu su sai ramukansu, magudanar gefe kuma ta cika da leda da yashi, ta yadda ruwan sama ba shi da mafita sai ya wanke tsakuwar. A kan wannan muke tafiya safe da yamma da 'ya'yanmu. Reshen da ya tashi daga Achimota zuwa Tema tun 1954 aka shimfiɗa shi saboda aikin tashar jiragen ruwa, ƙaramin layi ne mai faɗin milimita 1,067, kuma iskar gishiri tana cin ƙarfensa kullum, don haka ba wurin da za a yi wasa da gyara ba ne. An kawo sababbin taragai daga Sin a 2010 zamanin marigayi shugaban ƙasa Atta Mills, an dakatar da zirga-zirga a 2017 bayan jirgi ya kauce daga layi, ba a dawo ba sai farkon 2019. Wanda ya bi wannan tarihi zai ga cewa bikin buɗewa ba ya yi mana wuya, kulawar yau da gobe ce ke gagarar mu. Jirgin da aka ce zai riƙa bi ta saman titunan Akra, wanda aka sa hannu a kansa a 2019, ko ginshiƙinsa ɗaya ban gani ba, ni kuwa da kuɗin surutunsa aka sayi kusoshi da ya fi mini.

Mu ma jama'a muna da namu laifin, wannan ba abin musu ba ne. Daga Odaw zuwa Kantamanto masu gwanjo da masu tumatir a kan dogo suke baza kaya, sai an yi ta busa ƙaho su janye, ɓarayi kuma suna kwance ƙarafa su kai wa masu jari-bola. Ko sabon layin Tema zuwa Mpakadan mai kilomita 97, ana cikin gwajin jirginsa a watan Afrilun 2024 ya daki wata babbar mota da aka bari a kan hanyarsa. Amma mai tumatir ba shi ne ya hana a yi mana magana ba, kuma ba ɓarawo ne ya hana a mayar mana da kuɗin tikiti ba. Na biya jirgi, na biya trotro, na isa shago bayan wani ɗan kasuwa da ya zo daga Kumasi sarin yadi ya gaji da jira ya saya a wurin maƙwabcina. Washegari na koma tasha da asuba, na tarar da jama'a tsaye, babu jirgi, babu ko takarda manne a bango da ke cewa yau ba za a tashi ba.

Wanda ba shi da alkawari da kowa, kuma ƙafarsa za ta iya dira, ya shiga idan ya same shi, zai rage kashe kuɗi. Ƙanwata mai juna biyu ta tambaye ni ko ta bi shi ranar da likita ya ba ta a asibitin Korle Bu, na ce mata a'a, ta yi sallar asuba ta nemi mota tun hanya ba ta cushe ba.