Daga Kano zuwa Chaina ta Addis Ababa: yadda na ga Ethiopian Airlines da filin Bole

Duk wanda ya tambaye ni hanyar da zai bi daga Kano zuwa Chaina, Addis Ababa nake nuna masa, sai dai dalilaina ba irin na 'yan kasuwa ba ne. Su tambayarsu kilo nawa aka yarda mutum ya ɗauka, ni kuwa tambayata wane jirgi za a sa mana. Tun ina yaro nake da wannan cuta ta kallon jirage, kuma har yau ban nemi magani ba.

Tikitina na ƙaramin aji ne, da jaka biyu masu kilo 23 kowacce. Daga filin Malam Aminu Kano Boeing 787 ya ɗauke mu. Kamfanin yakan canza jirgin da yake sawa a wannan hanya, don haka kada wani ya riƙe ni idan ya je ya tarar da ƙaramin 737. Ethiopian ne kamfanin Afirka na farko da ya karɓi 787, a 2012, kuma ko daga nesa za ka gane jirgin da bayan injinsa mai tsage-tsage, wanda aka yi don rage ƙara. Tagarsa babba ce, ba ta da murfin da ake ja, maɓalli ne a ƙasanta, kana dannawa gilashin ya riƙa yin duhu a hankali. Wani Alhaji da ke gefena ya daɗe yana laluben saman tagar, sai da na ce, "Alhaji, ga shi nan ƙasa," sannan ya danna, ya yi salati, ya kuma dannawa.

Abinci ba yabo ba fallasa: shinkafa da kaza, burodi, ɗan zaƙi. Kofi dai ya yi daɗi, kuma da bai yi ba da abin kunya ne ga Habasha. Ma'aikatan ba masu yawan murmushin talla ba ne, aikinsu suke yi da sauri, kuma na ga haƙurinsu wajen cusa jakunkunan hannu na mutanenmu, waɗanda wasunsu ko a ƙasan jirgi sai an yi musu addu'a.

Inda tafiyar ta fara burge ni shi ne wajen sauka. Filin Bole na Addis Ababa yana kan tudu sama da mita 2,300 daga doron teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba. Idan 787 yana can sama, ana daidaita iskar cikinsa kamar mutum yana kan tudun mita 1,800. Ke nan ƙasar Addis ta fi cikin jirgin ƙarancin iska. A yawancin filaye idan ana sauka iska ce ke matso kunnenka ciki, a nan kuwa sai an ɗan rage ta kafin a buɗe ƙofa. Na riƙe gorar ruwata da na rufe tun muna sama, muka sauka ba ta lotse ba kamar yadda takan yi a Legas.

Wannan tudu shi ke juya komai na filin. Iskar da ba ta da kauri ba ta ba inji cikakken ƙarfi, ba ta kuma ɗaga fiffike da wuri, saboda haka jirgi mai nauyi sai ya yi dogon gudu kafin ya bar ƙasa. Shi ya sa babban titin tashin jirage ya kai mita 3,800. Shi ya sa kuma jiragen kamfanin masu zuwa Amurka sukan ya da zango a hanya, wasu a Turai, wasu a Lome, domin tashi daga Bole da cikakken tanki da cikakken kaya ba ƙaramin abu ba ne. A dawowa daga Washington kuwa kai tsaye suke zuwa, tunda can daga ƙasa-ƙasa suka tashi kuma iskar sama tana tura su ta baya. Sanyin dare ma yana taimakawa, don iska mai sanyi ta fi kauri.

Da magariba jiragen biranen Afirka ke shigowa bi da bi, daga ƙarfe goma na dare zuwa bayan sha biyu kuma manyan su tashi zuwa Asiya da Turai da Amurka. Da safe a juya lissafin. A waɗannan sa'o'i zauren jira yakan koma Kantin Kwari ana jajibirin salla: 'yan Kwango da Faransancinsu, 'yan Somaliya, Sinawa masu komawa gida, ga Hausa tana tashi ta kowace kusurwa. Haka tsarin yake, an tara kowa lokaci guda ne don kada wani ya kwana yana jiran jirginsa na gaba. An faɗaɗa ginin a 2019, akwai wurin salla, akwai shagunan kofi da na tsaraba. Wanda ya saba da ƙyale-ƙyalen Dubai ko Doha ba zai same su a nan ba, kuma ni ban zo nemansu ba.

Abin da na zo nema a mota na same shi. Jirage da yawa a nesa da gini suke tsayawa, sai a kwashi fasinja a bas. Mutane na tsaki, ni ina murna. Bas ɗin ya ratsa da mu ta gaban jerin wutsiyoyi masu kore da rawaya da ja, ga 777 ana loda masa kaya, ga ƙaramin Q400 mai farfela na zirga-zirgar cikin gida, har muka tsaya a gindin Airbus A350 da zai kai mu birnin Guangzhou na Chaina. Ka tsaya a ƙasan matakala ka ɗaga kai: baƙin zanen da ya zagaye gilashin matuƙa, bakin fiffiken da ya lanƙwasa sama, injin Rolls-Royce da mutum zai tsaya a bakinsa ba tare da ya sunkuya ba, ga warin man jirgi cikin sanyi. Sanyin fa na gaske ne, wanda ya taho da 'yar shara daga Kano zai yaba wa aya zaƙinta. A sa rigar sanyi a jakar hannu.

A 2016 kamfanin ya karɓi A350 na farko, nan ma shi ya riga kowa a Afirka. Tsakaninsa da 787, a tafiyar awa goma A350 zan zaɓa. Dukansu kujeru tara suke jerawa a layi, uku-uku-uku, amma cikin A350 ya ɗan fi faɗi, kuma kafaɗa tana sanin bambancin bayan awa shida. Tashinmu daga Bole shi ne abin da na fi tunawa: inji ya ɗauki kuka, muka yi ta gudu, fitilun gefen titi suna wucewa, har na fara jin maƙwabcina yana karanta Ayatul Kursiyyu a bayyane, sannan hancin jirgin ya ɗaga a natse.

Ƙorafina ɗaya, kuma ba na jirgi ba ne. Wani ejan a Kano ne ya karɓi kuɗin zaɓen kujera ya rantse mini ya kama mini ta taga, na zo na tarar da ni a tsakiya. Da na yi wa ma'aikaciyar ƙofar shiga bayani, ta duba kwamfuta ta mayar da ni taga a bayan fiffike. Mai son kallo ya zaɓi kujerarsa da kansa a shafin kamfanin, kuma ya guji saitin fiffike sosai, don zai rufe masa ƙasa.

Kamfanin da ya fara da jiragen Douglas ragowar yaƙi, ya yi tashinsa na farko zuwa Alƙahira a Afrilun 1946, yanzu Bole ya yi masa kaɗan. Sabon filin da za a koma yana kusa da Bishoftu, kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da Addis, a wurin da bai kai Bole tudu ba, don haka jirage za su iya tashi da nauyi fiye da na yanzu. Fatana dai su bar mana ko da 'yan bas kaɗan.